BINDIGA BA TA SAN ƊAN MAI GIDA BA

Duk wanda ya daɗe yana zaune a ƙasashen Kudu ya san cewa gidajen manya da kantuna da ma'aikatu masu yawa, tun daga Ikko har Fatakwal, 'yan Arewa ne suke gadinsu. A da, kayan aikin mai gadi ba su wuce tocila da kulki da usur ba, in abin ya yi nisa ya haɗa da kwari da baka. Yanzu kuwa zamani ya juya. Tun da fashi da satar mutane suka yawaita, wasu iyayen gida sun fara miƙa wa masu gadinsu bindiga, unguwanni kuma sun kafa 'yan banga. Ga mafarautanmu da suke shigowa dazuzzukan kurmi da bindigoginsu na toka, ga kuma 'yan'uwanmu 'yan sanda da sojoji da suke zaune da iyalansu a barikoki. Duk waɗannan, in an tashi daga aiki, sau da yawa bindigar takan bi mai ita zuwa ɗakin da yake kwana. A cikin ɗakin nan kuwa akwai yara.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau ke nan. Maganar wanda ya cancanci riƙe bindiga da wanda bai cancanta ba, wannan doka ta riga ta yanke, za mu kuma taɓo ta nan gaba. Abin da ya dame mu shi ne inda bindigar take kwana. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk gidan da yake da bindiga yake kuma da yaro, tilas ne a sami kwaɗo a tsakaninsu. Wanda kuwa ba shi da halin kulle bindigarsa, to, bai kamata ta kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa ba.

A watan Oktoba na 2022, 'yan sandan Jihar Kwara sun ba da sanarwar wani abin tausayi da ya auku a Ƙaramar Hukumar Kaiama. Wasu yara biyu, wa da ƙane, 'ya'yan wani maharbi, sun samo abin da aka ce musu maganin bindiga ne. Don su gwada ingancin maganin, sai wan ya ɗauko bindigar tokar ubansu ya saita ƙanen, yaro ɗan shekara 12, ya ɗana. Yaron bai tashi ba. Mutane da yawa da suka ji labarin sun tsaya ne a kan wautar yarda da maganin bindiga, kuma gaskiyarsu ne. Amma mu a ganinmu akwai tambayar da ta riga wannan, watau yaya aka yi bindigar ta shiga hannun yaro tun farko? Da tana kulle, da iyakar abin da zai faru shi ne yara su yi ta cika baki da layarsu har su gaji. Uba ɗaya ya wayi gari ya rasa ɗa, ɗayan kuma zai ƙare rayuwarsa da jinin ƙanensa a wuyansa.

JAN KUNNE BA YA ISA

Mun san abin da magidanta da yawa za su ce. Wani zai ce, "Ai ni na ja musu kunne, ba wanda zai taɓa." Wani kuma zai ce, "Ai ba su ma san inda nake ajiye ta ba." Waɗannan maganganu biyu su ne suka fi yaudarar iyaye, kuma an riga an jarraba su an ga ƙarshensu.

Ƙasar Amurka tana da bindigogi a gidajen jama'a fiye da kowace ƙasa a duniya, don haka likitocin yaranta sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 2020, harbin bindiga ya zama shi ne abin da ya fi kashe yara da matasa masu shekara 1 zuwa 19 a ƙasar, har ya zarce haɗarin mota. Bai kamata mu jira mu kai inda suka kai ba kafin mu karɓi darasin da suka saya da tsada.

A 2001 wasu likitoci a can suka buga sakamakon wata jarrabawa da suka yi. Sun tara yara maza 64 masu shekara 8 zuwa 12, suka kasa su ƙungiya 29, biyu-biyu ko uku-uku. Kowace ƙungiya aka sa ta a ɗaki aka bar ta, ana leƙenta ta wani madubin da na ciki ba ya ganin na waje. A cikin wani aljihun tebur an sa bindigogin wasa masu fesa ruwa, a cikin wani kuma an sa ƙaramar bindiga ta gaske wadda aka gyara yadda ba za ta tashi ba. Ƙungiya 21 suka gano ta gasken. Daga cikinsu ƙungiya 16 suka ɗauke ta suna juyawa, a ƙungiya 10 kuma an sami wanda ya ja kunama. Kimanin rabin yaran da suka gan ta sun zaci ta wasa ce, ko kuma ba su tabbata ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka taɓa ta ko suka ja kunamar sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Watau an ja musu kunnen, sun kuma ji, amma da ido ya faɗa kan ƙarfen sai gargaɗin ya bi iska.

Game da masu cewa yara ba su san maɓoya ba, a 2006 an buga wani binciken da aka yi a karkarar Jihar Alabama, inda aka tambayi iyaye daban, aka tambayi 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce 'ya'yansu ba su san inda bindigar gida take ba, kashi 39 cikin 100 'ya'yan nasu sun ƙaryata su. Kada kuma wani ya ce ai yaron ƙarami ne, ba shi da ƙarfin ɗanawa. Tun a 1995 aka auna ƙarfin yatsun yara aka tarar cewa ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara 3 zuwa 4, da bakwai cikin goma na 'yan shekara 5 zuwa 6, suna da ƙarfin da zai ja kunamar yawancin ƙananan bindigogi in sun haɗa yatsu biyu.

Yaron Amurka da yaron Sabon Badun duk yaro ne. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Bambancin kawai shi ne, wanda ya taka wuta yakan yi kuka ya warke ya kiyaye gaba, wanda ya taka bindiga kuwa ba lalle ne ya sami wata damar ba.

HALIN ZAMANMU A KUDU

In iyayen da suke da gida mai ɗakuna da yawa sun kasa ɓoye wa 'ya'yansu bindiga, ina ga mu? Kowa ya san irin zaman da yawancinmu muke yi a Agege da Idi-Araba da Shagamu da Anacha da Aba. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, shi ne falo, shi ne wurin kwana, shi ne sito. Mai gadi kuwa sau tari ɗan ɗakin nan na bakin ƙofa shi ne gidansa, nan matarsa take, nan 'ya'yansa suke. Maɓoyar da ke cikin irin wannan ɗaki ba ta wuce huɗu ko biyar ba: ƙarƙashin katifa, bayan ƙyaure, saman kabad, cikin buhun kaya, ko ƙusar da ke jikin bango. Yaron da yake wuni a ɗakin ya fi uban da yake kwana kawai a ciki sanin kowane lungu nasa. Saman kabad ba ya gagarar wanda ya iya jawo kujera.

Daɗin daɗawa, lokacin da bindigar take gida shi ne lokacin da mai ita yake barci. Mai gadin da ya kwana ido biyu, in ya dawo da safe ya jingine bindiga ya kwanta, ko ganga aka buga a kansa ba zai ji ba. Uwar yara ta tafi ɗebo ruwa ko tana tsakar gida wajen girki. A gidan haya kuma ƙofa ba ta hana yaran maƙwabta shigowa, 'ya'yan Yarabawa da na Ibo da namu duk tare suke wasa. Saboda haka bindigar da aka jingine a bayan ƙyaure barazana ce ga yaran gidan gaba ɗaya, har da waɗanda iyayensu ba su ma san akwai ta ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar bindigogi ta ƙasar nan an kafa ta tun 1959, kafin samun mulkin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne irin na yaƙi, har da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin na farauta da ake sa wa harsashi, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasinsu yake hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, watau bindigar toka da danginta, su kuma dokar ta bar al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha tare da amincewar Gwamna. Don haka maharbin da ya ƙetaro daga jiharsu zuwa wata, kada ya ɗauka abin da aka ƙyale a can an ƙyale shi a nan.

Wannan doka ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba. Ta kuma ɗora wa mai lasin alhakin tsare bindigarsa da harsashinta a kowane lokaci, ba dare ba rana. In ta ɓace ko an sace ta, tilas ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14. Wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba kuwa, dokar soja ta 1984 a kan fashi da makamai ta tanadar masa tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko kuma a haɗa masa duka biyu. A watan Agusta na 2023 ma Sufeto-Janar na lokacin ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makaman da suke hannun jama'a.

Muna jawo hankalin masu gadi musamman a kan wannan. Lasin na wanda aka rubuta sunansa a jiki ne. In maigidanka ya miƙo maka bindigarsa ya ce ka riƙe, takardar da take aljihunsa ba ta rufe ka ba. Ranar da tsautsayi ya gitta, kai ne za a fara tasa wa ƙeya zuwa caji ofis, kuma ɗanka ne za a kai makwanci, shi kuwa yana da lauya.

Wasu ƙasashe ba su bar maganar ajiya ga ganin damar mai bindiga ba. A Afirka ta Kudu, dokar da suka kafa a 2000 ta wajabta wa mai bindiga ya mallaki akwatin ƙarfe na musamman da zai riƙa kulle ta a ciki. A Ingila 'yan sanda sukan je har gida su ga inda mutum zai ajiye bindigar kafin su ba shi takarda. A Jihar Mishigan ta Amurka kuwa, a 2024 kotu ta ɗaure wasu mata da miji shekara 10 zuwa 15 kowannensu, saboda ɗansu mai shekara 15 ya ɗauki bindigar da uban ya saya ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu a 2021. Iyayen ba su harbi kowa ba, sakacinsu ne ya kai su kurkuku.

YADDA ZA A YI

Hanyar tsira ba ta da wuya, kuma ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. Abubuwa huɗu ne. Na ɗaya, kada bindiga ta shiga gida da harsashi a cikinta. Na biyu, a kulle ta. Na uku, a kulle harsashi ko albarushi. Na huɗu, a raba musu wuri, kada makulli ɗaya ya buɗe duka biyun. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana rage haɗari ga yara da matasa, kuma kulle bindiga ko cire mata harsashi, kowannensu yana rage shi da kimanin kashi 70 cikin 100.

Game da na farko, akwai abin da ya kamata a lura da shi. Bindigar da take da gidan harsashi, cire gidan bai isa ba, domin sau da yawa akwai ƙwaya ɗaya da ta riga ta hau, tana zaune a ciki tana jiran kunama. Lalle ne a buɗe a duba da ido, baki yana kallon inda ba mutum. Mai baki biyu a karya ta a zare harsashin, a tabbatar ana hango haske ta kowane baki. Kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi har sai an duba, ko da kuwa kai ne ka ajiye ta jiya da hannunka.

Bindigar toka ta fi kowace wuyar sha'ani, ga shi kuwa ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. Ita ba a buɗe ta ta baya. In an ɗura albarushi an danna, an zuba ƙarafa an toshe, to, babu mai kallonta daga waje ya gane ko da ciki take ko wayam. Saboda wahalar ɗurin, maharba da yawa sukan dawo da ita gida a ɗure su rataye, don kada su yi asarar albarushi. Wannan al'ada ita ce ya kamata a bari. Maharbi ya sauke ɗurinsa a daji, inda ba kowa, kafin ya doshi gari. Kuɗin albarushin ɗuri ɗaya bai kai kuɗin likkafani ba. Har ila yau, a ƙasar kurmi inda laima take da yawa, albarushin da ya sha danshi yakan yi jinkirin kamawa, a ja kunama a ji shiru, sai an juyo da bakin ana leƙawa sa'an nan ya tashi. Shi kansa albarushin a nisanta shi daga risho da kananzir da fitila, a sa shi cikin abin da yake rufuwa, a kulle.

Game da kullewa, ba sai an sayo akwatin Turawa ba. Babu unguwar da ba ta da mai walda. A ba shi awon bindigar ya haɗa doguwar akwatin ƙarfe mai wurin kwaɗo, a ɗaure ta da sarƙa a jikin ƙarfen gado ko na taga yadda ba za a ɗauke ta ɗungurungum ba. Wanda yake iya sayen wayar hannu yana iya sayen wannan. Makulli kuma ya zauna a jikin mai shi, a ɗaure a ƙugu ko a rataye a wuya. Makullin da aka sa a ƙarƙashin matashin kai ko aka rataye a ƙusa, daidai yake da ba a kulle ba.

Mafi alheri duka shi ne bindigar aiki ta kwana a wurin aiki. Ɗan sanda da soja suna da ɗakin ajiyar makamai, ƙa'idar aikinsu kuma ita ce a sa hannu a karɓa, a sa hannu a mayar. 'Yan banga su ma ya kamata kowace ƙungiya ta sami wuri ɗaya mai ƙarfi a ofishinta, da littafi da mai tsaronsa. Maigidan da ya ga gidansa yana buƙatar bindiga, shi ya kamata ya tanadi inda za a kulle ta a cikin babban gida, kada ya tura ta ɗakin da 'ya'yan talaka suke rarrafe.

MASU CEWA IN ƁARAYI SUN ZO FA?

Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba, don mun san irin fargabar da mutane suke kwana da ita. Amsarmu ita ce, a auna a gani. Ɓarawo mai yiwuwa ne ya zo sau ɗaya a shekaru, mai yiwuwa ne kuma kada ya zo sam. Yaro kuwa kullum yana nan, safe da rana da dare. Mai gadi yana kan aiki bindigarsa tana hannunsa, ba wanda ya ce ya kulle ta a lokacin. Sa'o'in da muke magana a kansu su ne waɗanda hannunsa ba ya kanta. Bugu da ƙari, bindigar da ke jingine a fili ita ce abu na farko da ɓarawo zai ɗauka in ya shigo ba ka nan, gobe kuma a tare wani bawan Allah da ita a hanya.

Akwai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake yin tawakkali. Sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ɗauke da kibau ya riƙe tsininsu in zai ratsa masallaci ko kasuwa don kada ya ji wa wani. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wanda yake nuna cewa ran mutum ba ya tafiya a banza don kawai an ce ba da gangan ba ne. Mutumin da yake kulle kuɗin cinikinsa a akwati kowane dare, ba shi da bakin cewa ya bar wa Allah tsaron bindigarsa.

Wasu kuma za su ce sun gaji harbi iyaye da kakanni, a gidansu bindiga a bango take tun fil azal. Muna girmama sana'ar farauta, amma maharbin da, a ƙauye yake, yana da turakarsa wadda yaro ba ya shiga sai da izini. Jikansa da ke ɗakin haya a Ikko ba shi da wannan. Sa'an nan yaran yanzu sun tashi suna kallon harbe-harbe a finafinai da wayoyin hannu, inda wanda aka harbe yau yakan fito a wani fim gobe. Da Salla kuma mu da kanmu muke saya musu bindigogin roba masu kama da na gaske. Yaron da ya saba saita ƙanensa da ta roba ana dariya, me zai hana shi yin haka da ta ƙarfe?

Kada kuma a ɗauka ƙananan yara kaɗai ake ji wa tsoro. Saurayi ɗan shekara 14 ko 16 ya fi haɗari, domin ya san inda take, ya ga yadda ake ɗana ta, ga zafin kai, ga son burge abokai. Faɗan da zai ƙare da mari, in akwai bindiga kusa sai ya ƙare da gawa. Baƙin cikin da zai wuce in an kwana biyu, in akwai bindiga kusa sai yaro ya hallaka kansa cikin minti ɗaya.

WADDA AKA BARI A GIDA

Akwai wata bindigar da 'yan ci-rani suke mantawa da ita, watau wadda suka baro a Arewa. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, gidaje da yawa sun nemi abin kare kai, har a watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasin su mallaki bindiga. Magidanci yakan soke tasa a jinka ko ya tura ta ƙarƙashin gado, ya hau mota ya yi Kudu, ba zai dawo ba sai damina ko Salla. Wata shida ko takwas bindiga tana zaune da mata da yara. Muna roƙon duk wanda yake cikin wannan hali, yau ɗin nan ya buga waya gida, ya sa wani babba mai hankali, wansa ko baffansa, ya ɗauke ta ya kulle a wurinsa.

Haka nan in mai bindiga ya rasu. Dokar 1959 ta ba wanda kayan mamaci suke hannunsa kwana 14 ne kacal ya riƙe bindigar da mamacin yake da lasinta. Bindiga ba ta cikin kayan da ake turawa ƙarƙashin gado a ce sai ranar rabon gado. Gidan makoki cike yake da yara, hankalin manya kuma yana wani wuri.

KIRA GA SHUGABANNI

Muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin masu gadi da na mafarauta da na 'yan kasuwar shanu, su ɗauki wannan magana da muhimmanci. Kowa ya ga abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa kisan gilla suna hanyarsu ta zuwa Kano yin Salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Wannan zalunci ne da babu abin da zai halatta shi. Amma ya nuna mana irin idon da ake kallon bindiga da shi in an gan ta a hannun baƙo. A ce yau bindigar ɗan Arewa ta tashi a gidan haya ta kashe ɗan mai unguwa, wa zai tsaya ya saurari cewa yara ne suke wasa? Abin da sakacin mutum ɗaya zai jawo, zango ne gaba ɗaya zai biya. Saboda haka shugabanni suna da haƙƙin su san wanda yake da bindiga a cikin jama'arsu, su tambaye shi takardarsa, su kuma ga inda yake ajiye ta.

Limamai su ma su sa wannan a cikin huɗubobinsu na Juma'a. Hukumar 'yan sanda kuma, a ganinmu, bai kamata ta sabunta lasin kowa ba sai ta ga akwatinsa, ta kuma buɗe hanyar da wanda ya gaji bindiga ko aka bar masa ajiyarta zai miƙa ta ta hannun sarkin unguwarsu ba tare da fargaba ba.

Iyaye mata, ku ne kuke wuni da yaran, don haka kuna da bakin magana. Matar da ta ce wa mijinta, "Malam, a fitar da abin nan daga ɗakin nan ko a kulle shi," ba ta yi rashin kunya ba, 'ya'yansa take tsare masa. In ya ƙi ji, ta kai maganar wurin wanda yake jin nauyinsa. Kafin ki bar ɗanki ya wuni a ɗakin maƙwabcin da kika san yana aikin gadi ko farauta, ba laifi ba ne ki tambayi matarsa yadda suke ajiya. Yaran kuma a ci gaba da koya musu cewa in sun ga bindiga kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba. Gargaɗin yana da amfaninsa, muddin dai an haɗa shi da kwaɗo.

Jama'a, abin da ya raba mu da garuruwanmu ya kawo mu wannan uwa duniya shi ne neman abin da za mu rufa wa iyali asiri. Muna shan ruwan sama da cizon sauro da baƙar magana duk don yaran nan su ci su yi karatu su zama mutane. Babu asarar da ta kai mutum ya kwana yana tsaron dukiyar wani, ya dawo ya tarar kayan aikin nasa ya cinye masa ɗa. Da-na-sani ƙeya ce. Wanda yake da bindiga a ɗaki, kada ya bari rana ta faɗi yau bai nemi mai walda ba. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya sa mu koma gida lafiya da su, amin.